Igiyar Ɗan Faransa

Tun da na dawo daga Najeriya ban samu sakat a rumfa ba. Wanda ya kawo takalmi gyara sai ya zauna, wanda bai kawo komai ba shi ma sai ya zauna, kuma tambayar ɗaya ce: Malam Ilu, me ya kai ka, me ka gano? Na ba Alhaji Mamman mai goro labarin, na ba liman, na ba ƙanena, sai na lura kullum akwai wurin da nake tsallakewa. Shi ya sa na sayi kaye, wato littafin rubutu, na ce bari in rubuta sau ɗaya. Karatuna na lakol, wato boko, bai yi nisa ba. Wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa.

Ga wanda bai san ni ba, ni baduku ne a Birni, nan Damagaram. Ubana ma baduku ne. Ɗana na fari ya rasu bara bayan babbar Salla. Ya zo hutu da zazzaɓi a jikinsa, ya kwana biyar a likita, wato asibiti, Allah ya karɓi abinsa.

Kun san yadda muke da ɗan fari. Ban taɓa kiran sunansa ba, uwarsa ma haka. "Yaron nan" muke cewa. A ɗakin kakarsa ya tashi. Na san ya shiga jami'a a nan garin, na san ya fito da takardar da suke kira lisans, na san ya yi zaman jira, daga baya ya tafi Najeriya. In ya zo gaishe ni sai in ce, "Ana lafiya can?" Ya ce, "Lafiya lau." Shi ke nan hirarmu. Ban taɓa ganin wannan a matsayin rashi ba, don haka ubana ya yi da yayana.

Wata Laraba da hantsi ina yankan fata wayata ta yi ƙara. Muryar mace ce. Ta yi sallama, ta ce daga jami'a take kira, sannan ta faɗi sunan yaron cikakke, da ƙarfi, kamar mai shi zai amsa. Wata takwas rabona da jin haka. Ashe lambata ya ba su tun yana ɗalibi, don in tasa ta ɓace. Na ce mata ya rasu. Ta ba ni haƙuri, ta tambayi inda rumfata take.

Washegari sai ga ta a kan babur ɗin kabu-kabu. Rahila sunanta, ƴar Malam Ishaya da ya daɗe yana yin allura a likita. Kiristoci ne, na san uban, na taɓa ɗinka masa jaka. Ta durƙusa ta yi mini gaisuwa yadda ya kamata, sannan na tambaye ta dalilin kiran.

"Baba, ba mu kaɗai ba ne," ta ce. "Duk jami'o'in ƙasar nan ne. Daga Yamai aka aiko da tambayoyin, iri ɗaya ga kowa. Kowace jami'a ta nemo ƴaƴanta da suka gama shekara uku da suka wuce, ta tambaye su inda suke, ta mayar da amsa. Can za a haɗa a ga wane karatu ke kai mutum ga aiki, wane ne ke barinsa zaune."

"To shi fa?"

"Shi zan rubuta ya rasu, in ja layi. Sauran ba a cikawa."

Na ce ta karanta mini sauran duk da haka. Ta karanta da Faransanci tana mayarwa da Hausa. Wata nawa ya yi kafin ya samu aiki? Wane aiki ne? A wane gari? Wa ya ɗauke shi? Aikin ya dace da abin da ya karanta? Tana karantawa ina jujjuya basilla a hannuna. A duk tambayoyin nan babu wadda zan iya amsawa, sai sunan ƙauyen kawai, Rafin Gawo a wajen Kazaure, shi ma don wani dattijo daga can ya zo ta'aziyya ya faɗa.

Rahila ba ta yaudare ni ba. Ta ce ko na kawo amsa, Yamai ba za su sa shi cikin ƙidaya ba, masu rai suke ƙirgawa. Amma ta nuna mini wani fili a ƙasan takardar, ta ce wannan na jami'a ne, malamansa ne ke karantawa. Ranar Juma'a ta sama za ta rufe nata ta miƙa. Na ce ta bar mini takardarsa a buɗe har ranar. Ta yagi kaye ta rubuta mini sunansa da sunan ƙauyen, don in an tambaye ni a hanya in miƙa. Ta gane ba sai na yi mata bayani ba.

Da na faɗa wa uwarsa, ba ta ce kar in je ba, ba ta ce in je ba. Sai ran Asabar da safe tana miƙo mini ƙullin dambun nama na tsaraba ta ce, "Ka dubo mini inda yake kwana, da wadda ke ba shi abinci."

A tasha na samu ƙaramar bas mai zuwa Ɗan Barto. Ƴan kamasho suna ta kiran direban "Lisans, Lisans", na ɗauka sunan wasa ne kawai. Don tsufana aka ba ni gaba. Bayan mun wuce Tirmini ya tambaye ni inda na nufa, na ɗan taɓa masa maganar takardar jami'a, ban faɗi rasuwa ba. Sai ya bugi sitiyari yana dariya.

"Baba, ai ni ma ta kira ni. A daidai nan wurin ma. Da na ji an ce daga jami'a, na taka birki, na sauka, na gyara wuyan riga, wai ni za a ba aiki. Ashe tambaya ce."

Wata Hajiya daga baya ta ce, "Da an ba ka aikin, a nan za ka bar mu cikin daji ke nan?"

"Wallahi Hajiya har da makullin." Ya juyo gare ni. "Ta ce mini aikin ya dace da karatunka? Na ce ƙwarai kuwa. Tarihi na karanta, wannan motar kuwa ta girmi Hajiya."

Hajiya ta ce uwarsa ce motar ta girma, aka yi dariya. Daga baya da hayaniya ta lafa ya ce mini da yawa cikin abokansa kashe waya suke yi in sun ji jami'a ce, kunya suke ji a san suna zaune ko suna tallan katin waya. "Ni kuwa na ce ta rubuta direba da manyan baƙaƙe. In kowa ya ɓuya, me za su gani a Yamai?"

A Takeita muka bar babbar hanya muka yi kudu. A Matamai Hajiyar nan ta sayi damin rake, aka cusa shi ta ƙarƙashin kujeru, bakinsa ya fito daidai ƙafata. Duk ramin da muka faɗa sai ya soke ni a agara. Na daure har Ɗan Barto. Da muka sauka ta gan ni ina ɗingishi, ta yi ta salati, ta karya mini kara biyu ta ce in rama a kansu.

A ɓangarenmu na iyaka ba a daɗe ba, aka duba katin shaida da takardar rigakafi. A Kwangwalam, ɓangaren Najeriya, wani ma'aikaci ya buɗe jakata ya ci karo da wuƙar yankan fata da basilla da ƙullin zare. Ni ban ma san na ɗauko su ba. Shekara arba'in ba na fita babu su, hannuna ne ya zuba da kansa.

"Baba, wannan fa?"

"Baduku ne ni."

"Aiki za ka je yi?"

"A'a. Wajen da ɗana ya yi aiki zan je."

"Yaya sunansa?"

Na ciro takardar Rahila na miƙa masa. Ya dube ta, ya dube ni, ya yi murmushi.

"Ɗan fari ne ko? Ni ma har yau tsohona 'kai wannan' yake ce mini, ga ni da ƴaƴa huɗu. Yana can yana jiranka?"

Na ce ya rasu. Ya daina murmushin. Shi da kansa ya naɗe wuƙar cikin tsummanta ya mayar, ya ce Allah ya jiƙansa, ya nuna mini motar Daura.

Abin da na fara lura da shi a can shi ne sauri. Mutanen Hausawa ne kamar mu, sallarsu tamu, amma kowa kamar an aike shi. Gaisuwar da za mu yi a Birni har a gaji da tsayuwa, su a tafe suke yinta. A gaban mota mutum biyu suke sawa inda muke sa ɗaya. Kuma tun kafin in buɗe baki sun san daga inda na fito, ban sani ba ko rawanina ne ko tafiyata. A Daura na sha fura mai kyau, sai dai sun cika mata sukari.

Furar nan ce ta ja mini. Na shiga motar Kano na ce a sauke ni a Kazaure, barci ya ɗauke ni, direba ya manta. Da na farka na tambayi na kusa da ni ko mun kusa, ya ce, "Kazaure? Ai Baba wannan Ɗambatta ce." Na sauka na tsallaka titi na jira wata motar. Kafin in komo Kazaure an kira magariba, babu mai zuwa ƙauye sai da safe.

Ina tsaye a bakin masallacin tasha ina tunanin inda zan sa kaina, na tambayi wani mai kilishi wurin alwala. Da ya ji lafazina sai ya ce in sake faɗa. Na sake. Ya ce, "Damagaram, ko in ce Birni ma." Malam Habu sunansa, mutumin Mirriya, shekararsa goma sha a can. Bai bar ni na yi gardama ba. Ya kai ni zaurensa inda yake shanya nama, ya shimfiɗa mini tabarma, iyalinsa suka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe. Tuwon fari tas, mai laushi, ka ci ka ƙoshi, bayan awa biyu ka ji kamar ba ka ci ba. Na tambaye shi ko ba sa tuƙa na hatsi, wato gero. Ya ce matarsa ƴar garin ce, ta ce tuwon hatsi na masu ciwon sukari ne. Na kwana cikin ƙanshin yaji, har yau rigar da na sa ba ta rabu da shi ba.

Da safe ya kai ni wajen mai shayi. Nan na ga abin mamaki. Mu mun san shayi a ɗan kofin gilashi, a dafa a kan gawayi, na ɗaya, na biyu, na uku, ana hira. Can kuwa kofi ne kamar kwanon sha, a cika shi da madara, a haɗa maka da burodi da ƙwai, ka shanye a tsaye ka ba wani wuri. Na ce wa Malam Habu wannan ai kunu ne. Mai shayin ya ji, ya ce, "Baba, naku kuma magani ne, sai mara lafiya."

Malam Habu ya nemo mini ɗan acaɓa, wato kabu-kabunsu, ya ja masa kunne ya tafi da ni a hankali. Bai tafi a hankali ba.

Rafin Gawo fadama ce. Tsakiyar rani, amma ko'ina tumatur da albasa da tattasai, ga injinan ban ruwa suna ta ƙara. Ku da kuka san yadda muke jiran famfo a Birni, jarkoki a jere tun jiya, za ku gane abin da ya sa na tsaya ina kallon ruwa yana gudu a ƙasa ba mai tare shi da bokiti.

Na miƙa takardata ga wani da ke gyaran shinge. Ya karanta sunan ya ce bai san shi ba. Ya kira wani, shi ma bai sani ba. Na ce a raina ko na yi ɓatan kai ne. Sai na ce musu mutumin Nijar ne, dogo, ba ya yawan magana.

"Au, Ɗan Faransa kake nufi. Mai awon rijiya."

Nan da nan aka kai ni gidan Alhaji Ɗanjuma, shugaban manoman fadamar, dattijon da ya zo mana ta'aziyya. Ran nan a cikin taro na ba shi hannu kawai, ban tambaye shi komai ba. Ya gane ni tun daga nesa. Bayan mun gaisa an kawo ruwa, na gaya masa gaskiya: na zo ne in ji aikin da yaron ya yi, don an tambaye ni na kasa amsawa. Bai nuna mamaki ba. Ya gyara zama ya ba ni labari.

Ya ce yaron da tsinkar tumatur ya fara, wani abokinsa ne ya kawo shi. A lokacin kowa ya sayi inji, kowa na zuƙa yadda ya ga dama, da zafi ya shigo sai rijiyoyi su ƙafe, a hau zargin juna. Har an taɓa fasa wa wani kai. Wata rana yaron ya zo ya ce a ba shi igiya. Duk Juma'a bayan asuba yana bin rijiyoyin fadamar ɗaya bayan ɗaya yana auna inda ruwa ya tsaya, yana rubutawa, yana ƙirgawa a fili da Faransanci. Nan sunan ya samo asali.

"Shekarar farko dariya muke yi masa," Alhaji ya ce. "Sai ya zana mana fadamar a ƙasa da tsinke. Ya ce waɗannan rijiyoyin daga wuri ɗaya suke sha a ƙarƙashi, in ka zuƙi taka ka zuƙi ta maƙwabcinka. Waɗancan kuma nasu daban. Ya raba mana kwanaki. Ya ce rijiyar Malam Sule za ta ƙafe kafin watan azumi in ba a rage ba. Malam Sule ya ce yaron da ya zo daga inda babu ruwa ne zai koya masa ruwa? Ta ƙafe saura kwana uku azumi."

Daga nan ƙungiyar manoman ta ɗauke shi, ta ba shi ɗaki da abinci da kaso cikin amfanin gona. Na tambayi wata nawa ke nan bayan zuwansa, muka lissafa da damina da Salla har muka daidaita, na sa aka rubuta mini a bayan takardar Rahila.

Na ce akwai saƙon uwarsa. Aka kai ni wurin Iya Asabe, yayar Alhaji, tsohuwa mai faɗa. Ɗakinsa na jikin nata, yana duban gabas, da bishiyar dogon yaro a ƙofa. Na ba ta dambun naman. Ta karɓa tana mita.

"Ɗanka ya wahalar da ni. Wai miyata ruwa ce, tattasai ya yi yawa, shinkafa ba ta riƙe ciki. Sai da na koma tuƙa tuwon gero saboda shi, ni da na rabu da shi tun ina amarya." Ta share ido da bakin zane. "Amma bai taɓa barin kwano da saura ba, ka faɗa wa uwarsa."

Ta dubi ƙafata ta ce irin takalminsa ne. Na ce ni nake yi. Duk Salla nakan ɗinka masa sabo in ajiye a ƙofar ɗakin kakarsa, ba na cewa komai.

"Ya faɗa mini," ta ce. "Ya ce tsohonsa ba ya magana, sai dai ya ajiye takalmi."

Sai na tambaye ta ko bishiyar ita ta shuka.

Da la'asar Alhaji ya sa aka ɗauko igiyar, ko da yake ba Juma'a ba ce. Igiya ce doguwa, da ɗan ƙoƙon ƙarfe a bakinta wanda ke yin ƙara in ya taɓa ruwa. A kowace mita an ɗinka mata guntun jar fata, a kowane rabi kuma baƙa. Na karɓa don in ga irin fatar, halin sana'a. Sai na ga ɗinkin.

A gidanmu akwai yadda muke kama fata: a zura biyu, a komo ɗaya, a ɓoye ƙullin a ciki yadda ruwa ba zai ci shi ba. Ubana ya koya mini, ni na koya wa ƙanen yaron. Shi ban taɓa koya masa ba. Ɗan lakol ne, in ya taso sai ya zauna a lungun rumfa da kayensa, ni ina aikina, ba na ko duban wajen. Na bi alamomin nan ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Biyu, a komo ɗaya, ƙulli a ciki. Na farko-farkon sun ɗan karkace. Daga ta biyar hannunsa ya zauna.

Wannan shi ne wurin da nake tsallakewa in ina ba ku labari a rumfa.

Alamar mita bakwai ta tsinke, sun ɗaure wurin da leda. Alhaji ya ce sun kai wa mai gyaran takalmi a kasuwa, ya ɗinka, sati biyu ta sake fita. Na buɗe jakata na ciro kayan da hannuna ya zuba ban sani ba. Babu jar fata a kusa, sai na yanki bakin maɗaurin jakar. Na zauna a gindin rijiya na ɗinka, manoma sun kewaye ni suna gardamar ko na sa ta daidai wurin. Malam Sule, mai rijiyar da ta ƙafe, shi ya fi kowa tsanani, ya ce in na kauce da faɗin yatsa zan ci masa kwana guda na ban ruwa.

Da na gama suka ce ni zan zura. Na saki igiyar a hankali, Malam Sule yana ƙirga alamomin da ƙarfi: "An, de, turwa, katar." Faransancin ya karye ƙwarai, ko ni na fi shi. Na tambaye shi me ya hana su ƙirga da Hausa. Ya ce igiyar ba ta saba ba. Aka yi dariya, ni ma na yi. Ƙoƙon ya taɓa ruwa tsakanin shida da bakwai, wani ya je ya ja layi da gawayi a bangon rumfar injin, inda suke ajiye awonsu tun bayan rasuwarsa.

Na kwana uku a ɗakinsa. Ran tafiyata Iya Asabe ta ba ni bargonsa da ƙullin busasshen tumatur. Alhaji kuma ya kawo wani kaye mai kauri, duk zane da lambobi da rubutun Faransanci. Ya ce awo suna iyawa, amma abin da awon ke nufi yana cikin nan, kuma babu mai karanta musu. Ya ce in kai wa waɗanda suka koyar da shi, in da hali su dawo da shi a hannun wanda ya iya.

Dawowa ba ta da labari, sai dai ban yarda na sha fura a Daura ba. Laraba da yamma na shigo gida. Na ba uwarsa bargon, na gaya mata ɗakin na duban gabas, na gaya mata maganar kwano. Ta ce, "To, ya ci abinci." Ta ɗauki bargon ta shiga ɗaki.

Ran Alhamis na je jami'a. Shekara uku yaron ya yi yana shiga ƙofar nan, ni ran nan na fara. Mai gadi ya raka ni buron Rahila, wato ofishinta. Na same ta da waya a kunne da tarin takardu a gabanta, tana cewa, "A'a, ba aiki za a ba ka ba, tambaya ce kawai," har aka kashe mata. Ta ajiye wayar ta ce tun safe wannan ne na shida.

Da ta ga kayen sai ta je ta kira wani mushe mai furfura, haka muke kiran malamin lakol, wanda ya koyar da su ilimin ƙasa da ruwan da ke ƙarƙashinta. A ranar na san sunan abin da ɗana ya karanta. Mushen ya tsaya a tsaye yana buɗa shafi bayan shafi. Sannan ya ce wannan darasin shekara ta uku ne, kuma ya tuna bai ba yaron maki mai yawa a kansa ba. Ya cire tabarau ya goge. Ya tambayi Rahila ko cikin ɗalibansa akwai waɗanda suka amsa mata cewa suna zaune. Ta ce akwai. Na isar masa da saƙon Alhaji Ɗanjuma. Bai yi mini alkawari ba, ya ce zai kira su ya ji. Har yau da nake rubutun nan ban ji an tura kowa ba, amma kayen na wurinsa, kuma ya karɓi lambar Alhaji.

Bayan ya fita Rahila ta ciro takardar. A sama ta rubuta ya rasu, ta ja layinta yadda aka umarce ta. Sannan ta sauko filin ƙasa ta shiga yi mini tambayoyin nan na ran farko. Wata nawa, na faɗa. Wane aiki, na ce awon ruwan rijiyoyi da raba wa manoma kwanakin ban ruwa. Wane gari, wa ya ɗauke shi, duk na faɗa. Ta ce aikin ya dace da karatunsa? Na ce malaminsa ya riga ya amsa wannan. Filin bai isa ba, sai da ta juya bayan takardar.

"Saura ɗaya, Baba. Ana rubuta wanda ya ba da amsa."

"Ilu baduku, Birni."

"Me zan sa a matsayinka gare shi?"

Kalma ɗaya ta isa, na sani, ita ma ta sani. Na dubi takardar da ta cika har baya.

Na ce, "Rubuta uban Mutari."

Ta ɗago ta dube ni, sannan ta sunkuya ta rubuta.

Daga nan na koma rumfa, don akwai takalmin liman da na bari tun kafin tafiya. Iyakar abin da na gano ke nan. Wanda ya karanta ya sa Mutari a addu'a.